Inda Agustin ya yi aikin bishop: Annaba, Suk Ahras da Gelma

Duk direban tasi a Annaba, birnin gaɓar teku a ƙasar Aljeriya, in ka ce masa wurin Waliyyi Agustin za ka, kan tudu zai haura da kai, wajen farar majami'ar nan mai ƙubba da hasumiya biyu da mutanen gari ke kira Lalla Buna. Namu ma can ya nufa, sai da na roƙe shi ya sauke mu a gindin tudun, bakin ƙofar kangon tsohon birnin Hippo. Ginin da ke sama a zamanin mulkin Faransa aka ɗora harsashinsa, a 1881, aka keɓe shi a 1900. Agustin, malamin Kirista na zamanin daular Roma, bai taɓa taka shi ba. Inda ya yi aikin fada, wato limamin coci, daga 391, sannan aikin bishop har rasuwarsa a 430, yana nan ƙasa cikin ciyawa da itatuwan zaitun, kilomita biyu zuwa uku kudu da tsakiyar gari. Wanda ya fara da sama yakan cinye lokacinsa a can, ya hango kangon daga nesa ya tafi, alhali a ƙasa abin yake.

Aljeriya ba ƙasar da ake faɗa wa kwatsam ba ce. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma za a nemi shaidar masauki ko takardar gayyata. Daga Aljas zuwa Annaba kamar awa ɗaya ne a jirgin sama, a mota kuwa ya haura kilomita 500. A riƙe tsabar kuɗi, domin katin banki na waje ba ko'ina yake aiki ba. Juma'a da Asabar ne hutun mako. Larabci da Faransanci ake ji, Turanci ɗan kaɗan. Akwai kuma dokar 2006 da ta hana yi wa Musulmi wa'azin sauya addini, saboda haka Littafi Mai Tsarki naka na karatu ba laifi, amma kwalin littattafan rabawa jawo wa kai magana ne. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi daɗin yawo, don kangon ba inuwa sosai.

Abin da ke fara rikita baƙo shi ne rashin ganin teku. Hippo tashar jiragen ruwa ce, ta nan hatsin Numidiya, wato wannan yankin a zamanin Romawa, ke fita zuwa Roma, amma lakar da kogin Saybus ya yi ta zubarwa shekaru aru-aru ta ture bakin ruwan can nesa. Gidajen attajiran da muka ratsa, masu dabe na ƙananan duwatsu masu launi, a bakin ruwa suke a lokacin. Gaba akwai kasuwa, da gidajen wanka, da dandalin gari mai tsawon mita 76 da faɗin 43, shimfiɗe da manyan duwatsu. Duk mun wuce su da sauri, don unguwar Kirista muka zo gani.

Majami'ar da masanin kayan tarihi Erwan Marec ya tono, wadda akasarin masana ke ɗauka ita ce babbar majami'ar Agustin, tsawonta kusan mita 37 ne, faɗinta 18 da rabi, layin ginshiƙai biyu sun raba ta uku. Ba ta kai wasu majami'un Jos ko Kaduna ba. A ƙuryarta akwai rabin da'ira da aka ɗan ɗaga daga ƙasa, da mazaunin fadoci kewaye, da gurbin kujerar bishop a tsakiya. Na tsaya a gurbin, abokin tafiyata ya koma bakin ƙofa, na yi magana ba tare da ɗaga murya ba, ya ji. Wannan shi ya fassara mini salon wa'azin mutumin. Bishop a zaune yake da littafi a cinya, jama'a a tsaye, kusa da shi har yana ganin wanda ya gane da wanda ya ɓata. Shi ya sa wa'azinsa cike yake da tambaya da amsa, da neman a yi shiru don muryarsa ba ta da ƙarfi, da ba da haƙuri in ya tsawaita. Ba ya rubutawa kafin ya hau. Masu gajeren rubutu ne ke zaune gefe suna kamawa, ta hannunsu ne wa'azi sama da 500 ya iso gare mu, ban da bayaninsa a kan Zabura 150 dukansu da darasi 124 a kan Bisharar Yohanna.

Bai zo Hippo neman muƙami ba. Bayan dawowarsa daga Italiya a 388 yakan kauce wa duk garin da kujerar bishop ba kowa, gudun kada a kama shi. Hippo tana da bishop, Baleriyus, tsoho Bahelene da Latin bai zauna a bakinsa ba, shi ya sa Agustin ya shigo hankali kwance. Tsohon ya tsaya a gaban jama'a ya ce yana bukatar fada, jama'a kuwa suka cafke baƙon suka tura shi gaba yana kuka. Abin da ya fara roƙo bayan naɗin shi ne a ba shi ɗan hutu ya karanta Nassi, don ya ga ƙwarewarsa a fasahar magana ba za ta isa ba. Baleriyus ya ba shi lambu kusa da majami'a ya kafa gidan zaman 'yan'uwa, ya kuma karya al'adar Afirka ta lokacin, wadda ta hana fada wa'azi a gaban bishop. Wajen 395 aka naɗa shi bishop tun Baleriyus na raye, don kada wani gari ya ɗauke shi. Nan aka yi kuskure: taron Nikiya na 325 ya hana bishop biyu a kujera ɗaya, su biyun ba su sani ba. Da ya zo zaɓar magaji a Satumban 426, ya sa aka rubuta amincewar jama'a da Erakliyus, amma ya bar shi a matsayin fada har sai kujera ta zama ba kowa.

Wanda ya san Agustin ta littattafai kawai zai ɗauka wuni yake yana nazari. Safiyarsa ta shari'a ce. Dokar daular Roma ta ba bishop ikon yanke hukunci a rigingimun jama'a, sai zaurensa ya zama kamar fadar hakimi ranar kasuwa: gado, bashi, iyakar gona, wanda ake jayayya ko ɗa ne ko bawa. Yakan zauna har lokacin cin abinci, wani lokaci har yamma bai sa komai a baki ba. Wata wasiƙarsa ta ƙarshen rayuwa ta ba da labarin fatake masu satar mutane daga ƙauyuka suna lodinsu a wannan tashar, da yadda 'yan ikkilisiyar Hippo suka kuɓutar da mutum kusan 120 daga hannunsu, shi kuma yana neman shawarar doka don kada fataken su juya ƙara a kansu. Da dare ne, da ɗan lokacin da ya saura, yake yin littafi.

Shi ma littafin ba da hannunsa yake rubutawa ba. Yana faɗa, mai gajeren rubutu na kamawa, wani ya juya shi zuwa cikakken rubutu, Agustin ya duba ya gyara, sannan a ajiye uwar kwafi a hannun amintacce, mai so ya aiko a kwafa masa. Inda tsarin ke lalacewa shi ne tsakanin juyawa da gyara. Haka ta faru da De Trinitate, littafinsa a kan Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki: kafin ya gama kashi na 12 wasu da suka gaji da jira suka sace abin da ke akwai suka yaɗa. Ya yi fushi ya ajiye aikin, sai da 'yan'uwa suka matsa masa ya kammala kashi 15. A rabin farko yana bin Nassi da ma'anar kalmomin da ikkilisiya ke amfani da su. A rabi na biyu ya juya cikin ran mutum, inda yake ganin tunawa da fahimta da nufi abu uku ne amma rai ɗaya, sannan a ƙarshe shi da kansa ya nuna inda misalin ya gaza. Wannan gaskiyar tasa ta fi misalin amfani ga ɗalibin tauhidi.

De Civitate Dei, wato Birnin Allah, ya fito ne daga 'yan gudun hijirar da suka sauka a gaɓar Afirka bayan Alarik, sarkin ƙabilar Got, ya washe Roma a Agustan 410, da ƙorafin masu bin addinin gargajiya cewa barin gumaka ne ya jawo. Ya fara a 413, bai gama ba sai 426, kashi 22. Goma na farko martani ne: biyar ga masu cewa gumaka na ba da nasarar duniya, biyar ga masu cewa suna amfani a lahira. Sha biyun da suka rage sun bi birane biyu, wanda son kai ya gina da wanda ƙaunar Allah ta gina, huɗu a kan asalinsu, huɗu a kan tafiyarsu, huɗu a kan makomarsu. Har yadda za a ɗinke shi ya rubuta wa wani Firmus: in an ga dama a yi kundi biyu, goma da sha biyu, in ya yi nauyi a yi biyar. Mai fara karatu ya bi wannan rabon, kada ya maƙale a kashi na 6 da na 7 inda ake ta lissafin gumakan Romawa. Ya tsallaka zuwa na 14 da na 19.

Gefen majami'ar akwai wurin baftisma, ɗan ƙaramin kwarmi da ake sauka cikinsa ta matakala. Ƙanƙantarsa ta ba ni mamaki, ganin cewa a kan abin da ake yi a cikinsa ikkilisiyar Afirka ta rabu biyu sama da shekara ɗari. Bayan tsanantawar da sarkin Roma Diyokletiyan ya yi wa Kirista daga 303, wasu suka ce duk limamin da ya miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma ya ƙazantu, baftismarsa ba ta yi ba, sai an sake. Su ne mabiyan Donatus, kuma lokacin da Agustin ya zo su ne masu rinjaye a Hippo, har wani bishop nasu ya taɓa hana a gasa wa 'yan Katolika burodi. Amsar Agustin ita ce baftisma ta Almasihu ce, ko hannun wa ya zuba ruwan, kuma ikkilisiya gona ce da alkama da zawan ke tsirowa tare har ranar girbi. Ya sa wannan har a waƙa mai bin jerin haruffa don talakawa su haddace. A Yunin 411 aka yi babban zama a Kartaj, bishop 286 na Katolika da kusan adadin haka na ɗaya ɓangaren, wakilin sarki Marselinus ya yanke hukunci a kan mabiyan Donatus.

A nan ne nake rabuwa da shi. Da farko ya ƙi a tilasta wa kowa. Daga baya, da ya ga garinsu ya koma Katolika saboda tsoron dokar sarki, sai ya sauya ra'ayi, ya kafa hujja da Luka 14:23, inda maigida ya ce a matsa wa mutane su shigo. Gaskiya ne ya yi ta roƙon kada a kashe kowa, kuma gaskiya ne 'yan tada-ƙayar-bayan ɗaya ɓangaren sun taɓa yi masa kwanton ɓauna, ɓatan hanyar ɗan jagora ne ya cece shi. Duk da haka hujjar ba ta da kyau, kuma waɗanda suka zo bayansa sun yi ɓarna da ita fiye da yadda ya zata.

Wani kuskuren shi da kansa ya kai rahotonsa. Fusala wani gari ne mil 40 daga Hippo, mutanensa yaren Funik suke ji. Ya shirya naɗa musu bishop, babban bishop na Numidiya ya yi doguwar tafiya ya iso, sai wanda aka zaɓa ya janye a ranar. Maimakon a ɗage, Agustin ya miƙa wani saurayi da ya tashi a gidansa, Antoninus, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, don kawai yana jin yaren. Yaron ya koma ƙwace dukiyar jama'a, har duwatsun gidajensu ya kwashe ya yi gini. Maganar ta kai Roma, Agustin ya rubuta wa Fafaroma Selestin cewa yana tunanin ajiye muƙami saboda baƙin ciki. Jin kunyar mayar da babban baƙo hannu wofi shi ya haifar da wannan duka.

Majami'ar tudu ana rufe ta da tsakar rana, sai a daidaita lokaci. Fadocin ƙungiyar Agustin ne ke kula da ita, ƙungiyar da ta yi aikin bishara a Yola da Maiduguri, wadda kuma Fafaroma Leo na 14 ya fito daga cikinta. An gama gyaranta a 2013 da gudummawar hukumomin Aljeriya da na waje, kuma akasarin masu ziyara Musulmi ne 'yan ƙasa. A bayanta akwai gidan tsofaffi da sistoci ke riƙe da shi. Ciki akwai mutum-mutumin Agustin a kwance, an sa ƙashin hannunsa na dama cikin gilashi a daidai gurbin hannun. A 1842 aka kawo shi daga Pabiya ta Italiya, inda sauran ƙasusuwan suke tun ƙarni na 8, bayan sun yi zama a tsibirin Sardiniya.

Hanyar Suk Ahras kusan kilomita 100 ce, hawa ne da kwana-kwana cikin dajin duwatsu, a ba ta awa biyu, a kuma ɗauki rigar sanyi. Nan ce Tagaste, inda aka haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba 354, ɗan Patrisiyus, ƙaramin mai gona kuma ɗan majalisar gari, da Monika. Sabon gari ya hau kan tsohon, ba abin gani sai tsohuwar itaciyar zaitun a kan tudun Sidi Mas'ud da ake dangantawa da shi. Wanda ke son ganin duniyar yarintarsa ya ƙara gaba kudu, ƙasa da awa ɗaya, zuwa kangon Madaura inda ya yi makaranta. Akwai ƙaramin gidan wasa, da ganuwar da Rumawan gabas suka ɗora a kan dandali a ƙarni na 6, da duwatsun matse zaitun birjik, da kwarmin da man ke gangarawa a sassaƙe a jikinsu. Kuɗin makaranta ya yanke yana ɗan shekara 16, ya dawo gida ya yi shekara guda ba aikin fari ba na baƙi, sai da attajirin garin, Romaniyanus, ya taimaka aka tura shi Kartaj. Daga nan labarin sananne ne: ɗansa Adeyodatus, shekara tara cikin addinin Mani, koyarwa a Roma da Milan, wa'azin Ambros bishop ɗin Milan, ayar Romawa 13:13-14 a lambu a 386, baftisma daren Ista na 387, rasuwar Monika a Ostiya a shekarar.

Yawancin wannan daga littafinsa Confessiones muka san shi, kashi 13 da ya faɗa a Hippo wajen 397 zuwa 400, kuma addu'a ce daga farko har ƙarshe. Tara na farko ne kawai tarihin rayuwa. Na 10 a kan tunawa ne, na 11 a kan lokaci, sauran a kan farkon Littafin Farawa, kuma a nan masu karatu da yawa ke ajiye shi. A shekarar zaman banzan nan ne shi da abokai suka kakkaɓe 'ya'yan itacen maƙwabci da dare suka zuba wa aladu. Ya daɗe a kan wannan ƙaramar sata saboda ba yunwa ta sa shi ba, son laifin ne kawai da jin kunyar abokai. Daga irin wannan binciken zuciya koyarwarsa a kan zunubin asali da alheri ta tsiro: nufin mutum ya raunana, sai Allah ya fara warkar da shi kafin ya iya son abin kirki. Wani malamin Kirista mai suna Pelajiyus ya ji an karanta addu'arsa ta kashi na 10, inda yake roƙon Allah ya ba da abin da ya umarta sannan ya umarci abin da ya so, ya ce wannan zai sa mutane sakaci. Gardamar ta cinye shekarun Agustin na ƙarshe. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayansa, amma zafin jayayya da Yuliyan na Eklanum ya tura shi ga maganganu masu tsauri a kan ƙaddara da makomar jariran da suka mutu ba baftisma, waɗanda ikkilisiyar Katolika ba ta bi shi a kansu duka ba.

Mun dawo ta Gelma, tsohuwar Kalama, kusan kilomita 65 daga Annaba. Gidan wasan Romawa da ke tsakiyar gari sake gina shi aka yi a farkon ƙarni na 20, ya yi kyau amma ba duka na asali ba ne. Darajar garin a wannan tafiya bishop ɗinsa ne, Posidiyus, wanda ya yi kusan shekara 40 yana abota da Agustin ya kuma rubuta tarihinsa. Daga gare shi muka san cokulan gidan ne kawai na azurfa, kwanuka na ƙasa da katako da marmara, an rubuta gargaɗi a kan teburi cewa mai cin naman wanda ba ya nan ba shi da wuri, kuma an taɓa narkar da kayan bagade don fansar kamammu. Da mayaƙan ƙabilar Bandal suka ƙetaro daga Sifen a 429 ƙarƙashin Genserik, Posidiyus ya gudu Hippo, aka kewaye garin suna ciki. A wata na uku na kewayen zazzaɓi ya kwantar da Agustin. Ya sa aka rubuta masa zaburorin tuba aka manna a bango, ya roƙi a bar shi shi kaɗai sai lokacin likita da na abinci, ya rasu ranar 28 ga Agusta 430 yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba don ba shi da abin bari, sai umarnin a kula da ɗakin littattafai.

Shekaru kaɗan kafin nan ya zauna ya bi littattafansa ɗaya bayan ɗaya, 93 masu kashi 232, yana faɗin dalilin rubuta kowanne da inda ya yi kuskure. Wannan shi ne Retractationes. Ya yi niyyar bin wasiƙu da wa'azi haka, rai bai kai ba. Posidiyus ne ya cike giɓin da jerin sunayen abin da ke ɗakin littattafan Hippo, kuma jerin na aiki har yau. A 1975 Johannes Divjak ya gano wasiƙun da ba a san da su ba a wani kundi a Marsai ta Faransa, cikinsu har da ta fataken bayi da doguwar wasiƙa a kan Antoninus. A 1990 François Dolbeau ya gano wa'azi 26 a ɗakin karatu na birnin Mainz a Jamus, aka gwada da jerin Posidiyus, da yawa suka dace da sunayen da bishop ɗin Gelma ya rubuta.